Majalisarmu Ta Tafi Cin Rani

Tun da hantsi yau nake tsaye a tashar Matameye ina jiran majalisar dokoki ta sauko daga motar Daura. Kada ku yi dariya, jama'a, ni ban yi ba. Mota ta farko ta zo, aka sauke katifu da buhunan omo da wata tsohuwa mai faɗa, babu majalisa. Ta biyu ta zo, direban ya dube ni sama da ƙasa ya ce in je in sha magani. Sai dab da azahar wani direba mai jar hula ya leƙo ta taga yana kira, "Wane ne Hamisu mai albasa?" Na ce ga ni. Ya miƙo mini gwangwanin madara, an toshe bakinsa da tsumma, an naɗe da roba. Na girgiza a kunne, na ji ƙwal-ƙwal. Alhamdu lillahi, majalisa ta iso lafiya.

Na san sai na yi muku bayani, to ku gyara zama.

Mu ashirin da biyu ne muke da garaka a fadamar da ke hanyar Dungu. Shekaru huɗu da suka wuce wani furoje na taimakon manoma ya zo ya haƙa mana rijiyoyin zamani, irin masu bakin bututu waɗanda ko ludayi ba ya shiga balle guga, ya kuma ba mu injin ban ruwa guda ɗaya tak. Murna ta sa muka cike tsofaffin rijiyoyinmu da hannunmu, har da kiɗa. Muka naɗa Alhaji Abdurrazak mai rake shugaban ƙungiya, inji ya koma kwana a zaurensa. Daga nan ruwa ya san dangi. Raken Alhaji ya sha, na surukinsa ya sha, na abokin surukinsa ya sha, mu kuma sai a ce gobe. Wallahi akwai shekarar da na ga injin nan sau uku kacal, ɗaya daga ciki ma a bayan amalanke ya wuce ni.

To bana da kaka aka aiko wa ƙungiyoyin manoma takardar gayyata, wai manya za su zo daga babban birni su ji ra'ayin talakawa kan gyaran kundin tsarin mulki. Alhaji ya ce shi yana da biki a Tsauni, ni da na yi lekol, wato boko, har aji shida in je in wakilce mu. Na saka rigar Sallah na tafi.

Kai, Allah ya ƙara wa manyanmu lafiya, sun san darajar baƙunta. Motoci shida suka zo da su, kuma don kada motocin su ji kaɗaici, aka bar su a kunne tun safe har la'asar, sanyi yana busawa a kan kujerun da babu kowa. Ni da na kwashe yini guda a layin esans na samo fetur lita biyu da ƙyar, sai na tsaya kusa da hayaƙin ina shaƙa, ko ba komai in ji ƙamshin rabona. Aka raba mana jakar roba mai tambari, da bik, wato biro, wanda ba ya rubutu, da burodi da sardin. Ba don komai aka zaɓo bik ɗin ba sai don kada mu wahalar da hannu, tunda ra'ayinmu an riga an bugo shi tun daga can.

Mai Girma na Farko, Mai Tabarau a Goshi, ya ce matsalar ƙasa ita ce iko ya taru a hannu ɗaya, dole a rage wa ɓangaren zartarwa a ƙara wa majalisa. Mai Girma na Biyu, Mai Salula Uku, ya ce a'a, alƙalai ne ya kamata a ƙarfafa, don bai dace wanda za a yi wa shari'a ya zama shi ke naɗa alƙali ba. Mai Girma na Uku, Mai Gyangyaɗi da Ilimi, ya farka ya ce yana goyon bayan duka biyun, ya koma. Daga ƙarshe Mai Tabarau ya taƙaita mana da harshen da za mu gane. Ya ce mulki murhu ne mai duwatsu uku, kowane dutse yana hana ɗan'uwansa kifar da tukunya.

Jama'a, maganar nan ta shige ni. Na dawo gida kaina yana zafi, na zayyana wa maiɗakina Habsatu komai, har da murhun. Tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba ta ce, "Baban Zuhra, ka tambaye su wane ne itacen?" Na ce ita ba ta san siyasa ba.

A nan ya kamata in gaya muku abin da ya sa hankalina ya kasa kwanciya bana. Habsatu tana da akuya guda, ja, mai haihuwar tagwaye, wadda innarta ta ba ta tun ƙarama. Ni na zauna na yi ta lallashinta har ta yarda aka kai akuyar kasuwa ranar Juma'a, aka sayo irin albasa da taki. Na yi mata alkawari da bakina cewa fangali arba'in zan dasa, in an cire albasa akuya biyu za su dawo turken nan. Ta ce to, amma ba ta cire turken ba, ba ta kuma kwance igiyar ba. Saboda haka bana ban da halin jiran gobe-goben Alhaji.

Na tara ƴan ƙungiya a gindin mangwaro na yi musu jawabi irin na manya, har da ɗora tabarau a goshi, na aro. Na ce iko ya taru a zaure ɗaya, dole a raba shi uku. Aka yi tafi. Alhaji Abdurrazak ya ɓata rai, amma da ya ƙirga hannuwa ya ga ashirin da ɗaya, sai ya ce shi dama ya daɗe yana wannan tunani.

Ga yadda muka raba. Gangar jikin inji ta zauna a hannun Alhaji, shi ne zartarwa. Tiyo, mita sittin, muka ba Malam Munkaila mai makarantar allo, shi ne shari'a, domin mutum ne da ko ɗansa ya kawo ƙara sai ya nemi shaidu. Saura majalisa. Muka kwance buji, ɗan ƙarfen nan mai farin kai da ke ba inji wuta, wanda ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka ke kira fulogi, muka shafa masa jan fenti. Inji ba ya tashi sai da shi, ruwa ba ya tafiya sai da tiyo, su biyun kuma ba su da amfani sai da inji. Ku faɗa mini, a duk ƙasar nan akwai wanda ya taɓa daidaita iko haka?

Wa za a ba buji? Na ce dole a samo adali wanda ba shi da fangali ko ɗaya a fadamar, don kada son kai ya ja shi. Muka duba, muka duba, sai ga Lawwali zaune a kan tushen mangwaro yana shan rake, ya zo kallo. Lawwali ba shi da garka, ba shi da abokin gaba, bai taɓa neman ruwan kowa da rani ba. Aka yi kabbara. Ya miƙe ya rantse a gaban jama'a cewa bujin nan ba zai rabu da jikinsa ba sai lokacin da zai ɗaura shi a inji da hannunsa. Matarsa ta ɗinka masa ƴar jaka, ya ɗaura a ƙugu.

Mu ashirin da biyu, duk da gemunmu, babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa dalilin da ya sa Lawwali ba shi da garka. Alhali kowa ya sani, har kajin unguwa sun sani. Shekara goma sha bakwai ke nan Lawwali bai ga rani a Matameye ba. Da an ɗaure gero an kai rumbu yake haɗa jakarsa ya tafi Fatakwal sayar da shayi, sai hadari ya fara haɗuwa yake dawowa. Amma ranar da muka yi taron yana zaune a gabanmu, kuma mutumin da ke gabanka yana shan rake bai yi kama da matafiyi ba.

Na rubuta dokokin da hannuna a kayen lekol na ɗiyata Zuhra, wato littafin rubutunta na makaranta. Aya ta uku ta ce ba a tayar da inji sai da buji mai jan fenti. Aya ta biyar ta ce shugaba ba shi da ikon ba kowa ruwa don alfarma ko sanayya, wannan ma sau biyu na ja mata layi ina kallon Alhaji. Aya ta tara ta ce ba a canza ko wasali sai ɓangarorin uku suna zaune a tabarma ɗaya.

Mako uku abin ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Kullum da safe Alhaji ya turo inji, Malam ya kawo tiyo a kafaɗa, Lawwali ya kwance ƙugu ya ɗaura buji, kowa ya sha ruwa a kan layi. Na dasa fangalina arba'in cif, suka kama, suka yi kore shar. Har na fara tunanin rubuta wa manya wasiƙa su zo su ga yadda ake yi.

Ran wata Asabar muka hallara, inji ya zo, tiyo ya zo, muka zauna jiran majalisa har rana ta take. Na tafi gidan Lawwali na yi sallama. Matarsa ta amsa daga bayan zana ta ce, "Ai ya bi motar asuba. Ya ce a gaishe ku, kuma ku kwantar da hankalinku, amanarku tana ƙugunsa."

Tirƙashi.

Na ce abu mai sauƙi, buji nawa yake? Na ruga wurin masu gyaran babur na sayo sabo fil, na dawo ina haki. Ina shirin ɗaurawa Malam Munkaila ya ɗora ƙafa a kan tiyo.

"Malam Hamisu, wannan jan fenti gare shi?"

"Allah gafarta Malam, sai in shafa masa yanzu."

"Wato ka ƙirƙiro majalisar bogi a gaban alƙali."

"Malam, albasa ce za ta mutu!"

"Na sani, nawa kabejin ma yana layi. Amma in na yarda yau an sayo buji a kasuwa, gobe Alhaji zai sayo goma ya zuba a aljihu, mu koma inda muka fito. Kai ka rubuta, ni riƙo kawai aka ba ni."

Abin haushin, jama'a, gaskiya ya faɗa. Na ce to a gyara aya ta uku. Ya buɗe kaye ya nuna mini aya ta tara, tabarma ɗaya. Na ce mu kira Lawwali a salula mu ɗora ta a kan tabarmar. Malam ya shafa gemu, ya ce a ba shi kwana biyu ya yi nazari. Bayan kwana biyu ya yanke hukunci cewa murya ba ta zama, gindi ne ke zama.

Na kira Lawwali da kaina. Ina jin ƙarar cokali a kofi da hayaniyar Fatakwal a bayansa.

"Lawwali, ka kashe mu! Ka aiko da bujin nan yau ɗin nan."

"Haba Hamisu, kai fa ka sa na rantse. Ko wanka zan yi da shi nake shiga. Jiya wani ɗan acaba ya gan shi ya ce in sayar masa, na ce wannan ikon jama'a ne."

"To ka dawo."

"In dawo in bar teburin shayi ga wa? Majalisa tana hutu sai damina."

A kwana na biyar ganyen albasa ya fara sunkuyar da kai. Na bi ta gefen garkar Alhaji, sai na ji tuk-tuk-tuk. Na leƙa, ga wani ɗan inji sabo, shuɗi, yana ta aman ruwa a gindin rake. Ashe tun washegarin tafiyar Lawwali Alhaji ya je Damagaram ya sayo nasa na kansa. Na haɗiye girman kaina, na cire hula, na durƙusa.

"Alhaji, ranka ya daɗe, ko na awa ɗaya ne."

Ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa har da ƙwalla. "Hamisu, wallahi tausayinka nake ji. Amma ni shugaba ne, kuma aya ta biyar ta hana ni ba kowa ruwa don sanayya. Ka tuna har layi biyu ka ja mata. Kana so a ce na taka doka?"

Na mayar da hulata na fito, ruwan rakensa yana bi ta ƙarƙashin takalmina yana shigewa cikin yashi.

Wadda ba ta san siyasa ba ita ce ta tashi. Habsatu ke nan. Ta ari kurar maƙwabta, ta jera jarkokin bido shida, ta riƙa ɗebowa daga famfon unguwa tana turawa har fadama, tafiyar da ta fi kilomita biyu cikin yashi, sau biyu a rana. Na karɓi kurar ni ma muka riƙa yi tare, amma bido shida a fangali arba'in wasa ne. Dole ta zaɓi guda uku na bakin hanya ta ce waɗannan za mu riƙe. Sauran muna wucewa ta gabansu da ruwa suna kallonmu. Ban taɓa jin kunya irin ta kwanakin nan ba, kuma ba ta albasar ba ce.

A kwana na tara Malam Munkaila, wanda kabejinsa ya riga ya zama abincin awaki, ya gano mafita. Ya ce Lawwali zai iya warware rantsuwarsa ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma, in bai da hali ya yi azumi uku, sannan ya aiko da bujin ya wakilce shi, tunda jan fentin ne doka ta sani. Lawwali ya ce a unguwar da yake shi ne miskinin, don haka azumi zai yi. Malam ya ce ya aiko tukuna, azumin ya biyo baya. Lawwali ya ce a'a, shi ba ya wasa da rantsuwa, sai ya sha ruwan na uku. Haka aka yi. Daga nan majalisa ta shiga gwangwanin madara ta kama hanya. Ta kwana biyu a Abuja saboda motar ta lalace, ta wuce Kano ta yi kwana uku a aljihun wani kwandasta da ya manta, ta sauka Daura aka kusa buɗe ta a zuba a shayi. Yau kwana goma sha tara.

Da la'asar ɗin nan muka hallara a fadama. Alhaji ya zo da babbar riga, ya turo injin ƙungiya an goge shi tas. Malam ya shimfiɗa tabarma, ya zauna, Alhaji ya zauna, aka ajiye gwangwani a tsakaninsu. Malam ya duba jan fenti ya tabbatar, ya sa aka rubuta. Alhaji ya yi ɗan jawabi kan nasarar da tsarinmu ya samu, ya ce duk da matsin da aka shiga babu ɓangaren da ya shiga hurumin wani. Aka yi tafi. Sannan baki ɗaya suka amince, saboda irin gudummawar da na bayar, a fara da garkata.

Ja ɗaya inji ya tashi. Ruwa ya taho da ƙarfinsa, mai sanyi, mai yawa, halastacce ta kowace fuska, ya malala cikin fangali talatin da bakwai na busasshen ganye. Na tsaya riƙe da bakin tiyo ina shayar da su ɗaya bayan ɗaya, don layina ne, kuma ba a rubuta inda mutum zai ce ya yafe ba. Ganyen ya riƙa tasowa yana yawo a kan ruwan. Uku na bakin hanya kuwa Habsatu ta riga ta shayar da su tun da safe.

Da na shigo gida bayan magariba ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, daidai gaban turken akuya. Ta kawo kwano ta ajiye, ta kawo ruwan wanke hannu. Na buɗe, tuwo ne fari sol. Na jira. Na ƙara jira.

"Habsatu, miyar fa?"

"Tuwo yana hannunka, Baban Zuhra, cokali yana hannuna. Miya ta tafi cin rani."

Ta koma ɗaki. Na ci abina gaya, igiyar tana kwance a ƙasa inda akuyar ta bar ta.

Na ji a rediyo wai Masu Girma za su sake zagayowa da sabon daftari, an ƙara gyara yadda duwatsun uku za su zauna. Madalla, Allah ya kawo su lafiya, ya kuma ba motocinsu sanyi. Ni dai ba na adawa da rabon iko, na ga abin da zaure ɗaya ya yi mana. Roƙona guda ne, ranku ya daɗe. Kafin ku miƙa wa kowa nasa kason, ku tambaya a cikin ukun nan wa ke zama a gari idan rani ya yi, kuma wa ke da ɗan inji shuɗi a bayan gida. In kun rasa mai ba ku amsa, akwai wata mata a unguwarmu da ba ta san siyasa ba. Ku zo da wuri, da hantsi tana wajen tura kura.